Maigida, Kai Ma Je A Gwada Ka

'Yan uwa na Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago, Obalende, Apapa da duk inda wannan shafi ya iske ku.

Mun san wannan rubutu zai sosa ran wasu. Akwai masu cewa shafin ƙungiya ba wurin irin wannan magana ba ne, a bar kaza cikin gashinta. An bar ta cikin gashinta shekara da shekaru, abin da hakan ya jawo kuwa kowa yana gani: mata da aka saka ba su ji ba ba su gani ba, dukiyar da aka zuba wa masu lasifika a tasha, da zumuncin da ya yanke tsakanin gidaje. Don haka yau za mu faɗe ta a fili. Idan aure ya shekara babu ciki, miji da mata ne za su je asibiti tare, kuma mijin ya kamata a fara gwadawa.

Duk wanda ya taɓa zama wurin sulhun aure, ko a ƙungiya ko a fadar Sarkin Hausawa, ya san yadda maganar take tafiya. Aure ya shekara huɗu, biyar, shiru. Matar ta sha rubutu, ta sha saiwa, ta yi hayaƙi har idonta ya yi ja. An kai ta asibiti an ɗebi jininta, an yi mata hoton ciki, an yi mata wancan hoton da ake zuba ruwa ta bakin mahaifa don a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke, wanda duk macen da ta yi shi za ta gaya maka babu daɗi. Likita ya ce bai ga komai ba, ta zo da mijinta. A nan magana take tsayawa. In aka juya aka ce, “Alhaji, kai fa, an gwada ka?” sai ka ga ya gyara zaman hula ya ce, “Ni lafiyata ƙalau.” Wa ya gaya masa? Babu. Shi ya gwada kansa, shi ya rubuta wa kansa sakamako.

Ita kuwa tana can tana haɗiyar habaici. A gidan suna a ce mata juya. Dangin miji su ce ba abin da ta iya sai cika masa masai. Uwar miji ta fara aiko saƙo daga gida cewa akwai yarinya a unguwa, 'yar gidan masu haihuwa. Baiwar Allah ta je ta rufe ɗaki ta yi kuka, ta fito ta ɗora tukunya, kuma mai yiwuwa lafiyarta ƙalau tun ranar da aka kawo ta. Wannan zalunci ne, ko da mai yinsa bai san yana yi ba. Rashin sani kuwa ya daina zama uzuri ga mutumin da aka ce ya zo a duba shi ya ƙi.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa kusan mutum 1 cikin kowane baligi 6 yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma bambancin ƙasashe masu arziki da matalauta a kan wannan kaɗan ne. Abin da likitoci ke kira matsalar haihuwa shi ne ma'aurata su yi wata 12 suna tare, suna kwanciya yadda ya kamata, babu tsarin iyali, ciki bai shiga ba. Likitoci kuma sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin irin waɗannan gidaje akwai hannun namiji a matsalar, ko shi kaɗai, ko shi da matar duka. Rabi fa! To ta yaya za a ɗora wa mace kayan mutum biyu a ce ta ɗauka ita kaɗai?

Abin mamaki, mu ne muka fi kowa sanin wannan a sana'armu. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne. In aka yi shuka ba ta tsiro ba, manomi yana tone ramin ya duba irin kafin ya ce gona ta mutu. Masu harkar shanu a Oko-Oba sun san cewa in shanu suka yi ta ɓatan shekara a garke, makiyayi yana zargin bijimin. Sai a ɗakinmu ne kaɗai iri ba ya laifi, kullum gona ce.

Mu ɗauki hujjojin da maza ke kawowa ɗaya bayan ɗaya.

Na farko ya ce, “Ni namiji ne, ba ni da rauni, iyalina shaida ce.” Mun yarda, Allah ya ƙara lafiya. Amma ƙarfin kwanciya daban, ƙwayar haihuwa daban. Ruwan maniyyin da mutum ke gani da idonsa, mafi yawansa daga wasu mazubai na kusa da mafitsara yake fitowa. Ƙwayoyin haihuwar da maraina ke yi ɗan ƙaramin kaso ne a ciki, kuma ido ba ya ganin su sai da madubin likita. Mutum zai iya zama ƙaƙƙarfa, ruwansa da yawa da kauri, a duba a ga babu ƙwaya ko ɗaya. Kusan namiji 1 cikin 100 haka yake. Wani kuma ƙwayoyin suna nan amma sun yi kaɗan, ko ba sa iyo da kyau, ko halittarsu ta karkace. Babu wanda zai san wannan ta hanyar jin jikinsa.

Na biyu ya ce, “Ai na taɓa haihuwa da matata ta fari,” ko “Gidanmu ana haihuwa, babanmu 'ya'yansa 20.” Babanka ne ya haifi 20, ba kai ba. Haihuwar da ka yi shekara 10 da suka wuce kuma shaida ce a kan jikinka na wancan lokacin. Tsakanin nan da can ka yi ciwon sanyi ka sha ƙwaya biyu a kemis ka bari, ko ciwon suga ya kama ka, ko an yi maka aikin ƙaba, ko ka fara shan abin da da ba ka sha. Jiki yana canzawa. Yadda mace kan haihu ɗaya ta tsaya, haka namiji ma.

Na uku ya ce, “Haihuwa ta Allah ce.” Tabbas ta Allah ce, babu Musulmin da zai yi musu. Amma me ya sa ake tuna wannan sai an zo kan gwajin miji? Lokacin da ake yawo da matar daga wannan mai magani zuwa wancan, haihuwar ba ta Allah ba ce? Aya ta 49 da ta 50 a Suratush Shura sun kasa bayi gida huɗu a kan haihuwa, kaso na ƙarshe su ne waɗanda ba a ba su ba, kuma ayar ba ta ware mata ta bar maza ba. Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani. Wanda haƙorinsa ke ciwo ba ya zama ya ce tawakkali, wanda tirelarsa ta tsaya a hanyar Ibadan makanike yake kira. Tawakkalin da ke aiki a kan jikin miji kaɗai girman kai ne aka sa masa rawani.

Na huɗu, kuma shi ne muka fi tausayawa, ya ce kunya yake ji, kuma yana shakkar hukuncin yadda ake ɗaukar maniyyin. Kunyar mun fahimce ta. Sai dai ka tuna matarka ta kwanta a gadon asibiti an duba ta, ita ma 'yar mutunci ce, ta daure saboda kai. A kan hukunci kuwa, malamai sun yi sauƙi a inda akwai larurar magani, kuma ana iya yi da taimakon iyalinka. In gidanku kusa ne, ana ba da kwalba mai tsafta a yi a gida, a sa ta a aljihu kusa da ɗumin jiki, a kai ɗakin gwaji cikin awa ɗaya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malamin da ya amince da shi a keɓe. Minti biyar ta isa.

Ga dalilin da ya sa muka ce miji a fara. Gwajin namiji shi ne mafi sauƙi a duk gwaje-gwajen haihuwa. Babu yanka, babu allura, kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa ba. Za a ce ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ka kawo ruwan, a duba yawansa, da yawan ƙwayoyin, da motsinsu, da siffarsu. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana son a samu aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita, ko miliyan 39 a duk abin da ya fito, kuma aƙalla kashi 30 cikin 100 su zama masu iyo gaba. In sakamako ya zo ƙasa da haka, kada ka ɗaure fuska ka yaga takardar. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Jiki yana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ya gama ƙera sabbin ƙwayoyi, shi ya sa zazzaɓi mai zafi da ka yi wata biyu da suka wuce zai iya saukar da adadin na ɗan lokaci. Likita zai ce a maimaita, sau da yawa bayan kamar wata 3, sannan ya duba ka da hannunsa, ya yi gwajin jini in da buƙata.

Abubuwan da ke jawo matsalar kuwa, da yawansu a cikin rayuwarmu suke. Akwai kumburin jijiyoyin jini na maraina, wanda ya fi zuwa ta hagu, in mutum ya taɓa yana tsaye sai ya ji kamar tarin tana a cikin jaka. Yana cikin manyan dalilai a wurin maza, kuma ana gyara shi da tiyata. Akwai ciwon sanyi na gaske da ake ɗauka ta kwanciya, wanda in ba a yi maganinsa daidai ba yana toshe hanyar da ƙwayoyi ke bi. Akwai hangum in ya kama mutum bayan balaga ya sauka maraina. Akwai tsargiya, wadda da yawanmu muka yi muna yara a rafi da kududdufi har ana ce mata alamar zama namiji. Akwai ciwon suga da ƙiba. Akwai taba da shisha da wiwi, da tiramol ɗin da matasanmu masu aikin ƙarfi da 'yan acaɓa ke haɗiya kamar gyaɗa. Akwai zafi: Allah ya ajiye maraina a waje ne don su fi sauran jiki sanyi, direban da ke kwana da wuni a kan kujera kusa da inji, da mai aiki a bakin tandar burodi, ya kamata su gaya wa likita sana'arsu. Iyaye kuma ku duba jariranku maza. In ɗaya daga cikin maraina bai sauko jaka ba, a kai shi asibiti da wuri, ana son a gyara kafin ya wuce shekara ɗaya da rabi.

Akwai kuma wata matsala da ta fi shafar mu mazauna kudu, wadda ba ta jikin kowa ba ce. Maigida yana Legas, iyali suna Kano ko Sakkwato ko Maraɗi. Yana zuwa ƙaramar salla da babba, ya yi kwana 10 ya juyo. Kwanakin da mace ke iya ɗaukar ciki a wata kusan 6 ne kacal, suna ƙarewa da ranar da ƙwai ya fito, kamar kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Ƙwan kuma bai fi kwana ɗaya yana jira ba. In zuwanka bai dace da waɗannan kwanaki ba, ko ku biyun lafiyarku ƙalau babu abin da zai faru. Sai a lissafa “shekara 3 da aure” alhali in aka tara zaman da kuka yi tare bai kai wata 3 ba. Kafin ka ce mata juya, ɗauko ta ta zauna kusa da kai, ko ka tsara tafiyarka da lissafin watanta.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ci mana rai: mayar da ƙarin aure ɗakin gwaji. Ba mu da ja da abin da Allah ya halatta, mai iko ya ƙara. Amma mutum ya ƙi zuwa asibiti, ya auro 'yar mutane don ya gani ko ita za ta haihu, in shiru ya sake ta ya auro wata, wannan wasa da rayuwar 'ya'yan mutane ne. Kowa a cikinmu ya san gidan da aka yi mata uku ko huɗu babu ko ɓari, kowacce ta fita ta yi wani aure ta haihu, shi kuwa har gobe cewa yake asiri aka yi masa. Kuɗin lefe ɗaya ya isa a yi gwaji sau da yawa har da magani. Mace kuma tana da lokaci. Ƙwanta yana raguwa da shekaru, daga 35 raguwar tana sauri, shi ya sa likitoci ke cewa wadda ta kai 35 kada ta jira shekara, wata 6 ya isa. Duk shekarar da miji ya ɓata yana gardama, daga cikin shekarun matarsa ya cire ta. Wa zai biya ta? Ita ma fa tana son ta ga ɗanta, haƙƙinta ne a aure kamar yadda yake naka.

Sai 'yan kasuwar wahala. Mai mota da lasifika a bakin tasha yana zayyana batsa da rana tsaka, kwalba ɗaya tana maganin basir da sanyi da rashin haihuwa da shawara. Mai shafi a Facebook da TikTok yana cewa turo kuɗi a aiko maka ta mota. Wani ɗan ƙaramin ɗakin gwaji ya ce ya gano “sitaf” a jikinka, kuma abin mamaki maganin yana nan a shagon da ke kusa. Ku sani, maganin ƙarfin maza ba maganin haihuwa ba ne, kuma an sha gano cewa wasu da ake cewa na gargajiya ne zalla an cakuɗa su da ƙwayar asibiti a ɓoye, abin da ke da haɗari ga mai ciwon zuciya. Allurar sinadarin maza da wasu ke yi don ƙarfi ko gina jiki ita ma cuta ce ga mai neman haihuwa, domin tana sa maraina su daina yin ƙwayoyi. Ba mu ce duk mai maganin gargajiya maƙaryaci ne ba. Abin da muka ce shi ne duk wanda zai ba ka maganin haihuwa bai ga sakamakon gwajinka ba, lalube yake cikin duhu da kuɗinka. Mata kuma ku yi hattara da asibitocin bogi. A 2024 BBC ta bankaɗo wani wuri a jihar Anambra inda ake yi wa mata allurai cikinsu ya kumbura, a ce musu suna da cikin da hoto ba ya gani, daga ƙarshe a miƙa musu jaririn wata. Neman haihuwa ido rufe har nan yake kai mutum.

To in an gwada an ga matsalar daga miji take, sai me? Sai magani, kuma hawa-hawa ne. Wani barin taba da ƙwaya, da rage ƙiba, da saita suga ya ishe shi, a sake gwaji bayan wata 3. Mai ciwon sanyi a ba shi maganin da ya dace, shi da matarsa tare, in ba haka ba za su yi ta mayar wa juna. Mai kumburin jijiya a yi masa aiki. Wanda sinadaran jikinsa suka yi ƙasa akwai allurai na musamman da likita ke bayarwa, ba na kemis ba. In ƙwayoyin sun ɗan yi kaɗan, ana iya wanke maniyyin miji a tace masu ƙarfi a sa wa matar a mahaifa ranar da ƙwanta zai fito. In abin ya fi haka, akwai haɗa ƙwai a waje a dasa, wanda ake kira IVF. An haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Ingila a 1978. A 1992 likitoci a Beljiyam suka fito da dabarar ɗaukar ƙwayar namiji guda ɗaya tak a cusa ta cikin ƙwan mace, abin da ya buɗe ƙofa ga mazan da da an ce su haƙura. Har wanda ba a ga komai a ruwansa ba, wani lokaci ana samo ƙwayoyin daga cikin maraina da ƙaramin aiki.

Wannan ba labarin Turai kaɗai ba ne. Tun cikin shekarun 1980 Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie suka fara aikin IVF a asibitin koyarwa na LUTH, a nan Idi-Araba inda 'yan uwanmu ke kwana suna tashi. A 1998 Dakta Ibrahim Wada ya yi nasarar haka a Abuja. Wanda zai fara, ya nemi ganin likitan mafitsara da likitan mata a LUTH ko LASUTH da ke Ikeja ko babban asibitin gwamnati mafi kusa. Wanda iyalinsa ke gida, akwai asibitin Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Amma ba za mu yi muku romon baka ba: IVF miliyoyin naira ne, kuma ba kowane gwaji ke kamawa ba, shekarun mace suna da babban tasiri a kai. Duk wanda ya ce maka tabbas ne, kama aljihunka.

Addini kuma ya shata iyaka. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta wannan magani idan maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa ne, kuma a mahaifarta za a mayar. Ta haramta amfani da maniyyin wani, ko ƙwan wata, ko aron mahaifa, har da ta kishiya. A garin da muke, akwai asibitocin kuɗi da ke da maniyyin gudummawa a ajiye, domin ba kowa ke da irin ƙa'idarmu ba. Saboda haka ku faɗa wa likita matsayinku tun ranar farko, ku biyun, kuma kada ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku ba. Wannan ma wani dalili ne da ya sa miji bai kamata ya tura mace ita kaɗai ya zauna a rumfa ba.

Tare ɗin nan da muke ta nanatawa yana da sharuɗɗa. Maigida, in sakamako ya nuna kai ne, gaya wa matarka gaskiya. Ɓoye takarda a aljihu ka bar ta tana shan ɗaci da gori cin amana ne. Ka tsaya tsakaninta da danginka. Ba sai ka tona cikinka ga kowa ba, ya isa ka ce, “Hajiya, mun je asibiti tare, likita ya ce ba laifinta ba ne, muna kan magani, ki sa mu a addu'a.” Uwa ta gari za ta gane. Uwargida, in mijinki ya daure ya je, ki riƙe sirrinsa kamar yadda kike son a riƙe naki. Kada ya zama labarin gidan kitso, kada ya zama abin gori ranar faɗa. Namijin da aka gaya wa wannan labari yakan yi shiru, ya rame, ya guji shimfiɗa, wani ya riƙa faɗa ba dalili. Ki ja shi a jiki. Iyayenmu mata kuma, mun san jika kuke so, Allah ya nuna muku. Amma surukar nan 'yar wata ce, yadda 'yarku take a gidan wani.

In an yi duk abin da za a yi Allah bai kawo ba, to an san inda aka tsaya, kuma babu wanda aka zalunta. Ma'aurata su zauna su yi shawara da ido buɗe. Mace ta zaɓi zama da mijinta don Allah da ƙauna, ko ta nemi rabuwa ta hanyar da shari'a ta tanada, kada a tsine mata. Mu Hausawa muna da riƙo tun kaka da kakanni, ga 'ya'yan 'yan uwa, ga marayu da ke neman mai dafa kansu, a riƙe su da sunan ubansu a samu lada. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, kuma ita ce Uwar Muminai. Rashin ɗa bai rage wa kowa daraja a wurin Allah ba. Zaluntar mace kuwa akwai tambaya a kansa.

Muna roƙon limamanmu su taɓo wannan magana a huɗuba da wurin ɗaurin aure, da irin lafazin da suka fi mu iyawa. Muna roƙon dattawan da ke zaman sulhu, duk ƙarar da aka kawo a kan rashin haihuwa, tambayar farko ta zama, “Kun je asibiti ku biyu?” In ba a je ba, a ɗage zama sai an je. Muna roƙon masu hali, yadda ake tara gudummawar biki da ta wanda gobara ta ci wa shago, a riƙa tallafa wa mai neman wannan magani a asirce. Wanda kuma Turanci ko Yarbanci ne ke hana shi zuwa asibiti, ya sami sakatare a keɓe bayan taro, za a haɗa shi da wanda zai raka shi ya yi masa tafinta, kuma maganar ba za ta fita ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maigida, gobe da safe kafin ka buɗe shago, ka ce wa iyalinka ta shirya, ku je ku yanki kati guda biyu.

Allah ya ba masu nema zuri'a ɗayyiba, ya raya mana waɗanda ya ba mu, ya zaunar da gidajenmu lafiya. Amin.

Sakatare,
a madadin shugabannin ƙungiya.